Hutun da Na Ba Inna

Kakar bana ta cika shekara bakwai da muka kai mahaifiyata makwancinta a Tudun Wada. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru, amma bana shirun ya gagare ni, saboda abin da na gani a Dangora makon jiya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto wa jarida, ko Allah zai sa wani mai uwa a raye ya karanta. Maganar ba ta da daɗin faɗa: ni na zaunar da Inna, kuma zaman nan ne ya kai ta ƙasa. Na san wanda kwanansa ya ƙare ba mai ƙara masa, ban ja da wannan ba. Amma Allah yakan sa wa kowane abu sanadi, ni kuwa na san ta hannun wa wannan sanadin ya biyo.

Sunanta Kande. A ƙauyenmu, can gindin duwatsun Riruwai, Kande Mai Daddawa ake ce mata. Mahaifinmu ya rasu ina makaranta a birni, ita ta riƙe gidan. Ita za ta dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta har ta yi, ta daka. Sau biyu a mako ta naɗa gammo, ta ɗora masaki, ta hau dutse zuwa barikin 'yan haƙar kuza, ta sayar, ta sauko kafin la'asar. Da damina kuma tana da 'yar gayaunarta a bayan gari, da 'yar fartanyar da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ba doguwa ba ce, ba ta da jiki, amma a murɗe take. Abin da na fi tunawa shi ne yadda take tashi. Tana zaune a ƙasa, kaya a ka, sai kawai ka ga ta miƙe tsaye, ba ta dafa ƙasa ba, ba ta dafa gwiwa ba. Muna ganin haka kullum har muka ɗauka kowa ma haka yake tashi.

Dole in faɗi wani abu a nan, domin in ba shi ba, mai karatu zai ce ai sai ta yi magana. Ni ne ɗan farinta. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina ƙarami «wancan» take ce mini, da na fara aiki na koma «mai makaranta». Idan na shigo ta kawar da kai, idan na gaishe ta ta amsa wa bango. Duk abin da take so in sani sai ta faɗa wa wani ina ji, shi kuma ya maimaita mini kamar ban ji ba. Wannan kunya ce ta gado, muna alfahari da ita, ni ma ban raina ta ba. Sai dai uwar da ba ta iya kiran sunanka, ba za ta iya yi maka gardama ba.

An ba ni aikin koyarwa a makarantar elementare ta Tudun Wada. Na yi aure, na sayi keke, na fara sa farin kaya ranar da ba Juma'a ba. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. Wata rana a ƙarƙashin inuwar makaranta wani abokin aikina, wanda ya dawo daga Riruwai, ya ce mini a gaban mutane, yana dariya: «Malam Audu, na ga tsohuwarka a hawan bariki da masaki a ka, gumi har ƙafa. Kai kuma ga ka nan da keke!» Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Wahalarta ta dame ni, gaskiya ne. Amma dariyar nan ta fi damuna, kuma wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Hutun makaranta na zuwa na tafi gida. Na sami kawuna na ce ya gaya mata na zo in tafi da ita, ta huta haka nan. Ya gaya mata ina tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe tana duban tukunyar kalwar da ke kan murhu, sannan ta ce wa kawu, «In haka ya ga ya dace, to.» Na ɗauki wannan a matsayin yarda. Na rabar da tukwanenta da turminta ga maƙwabta ina jin kaina kamar wani sarki. Abu biyu kawai ta ƙulle a cikin kayanta, gammonta da 'yar fartanyar nan. Muna isa Tudun Wada na zare fartanyar na soke ta a rufin zaure, can sama inda hannu ba ya kaiwa, don kada a ga uwar malami da ita.

Na gyara mata ɗaki, na sa gado da katifar rimi. Matata Rabi, Allah ya saka mata, ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Ruwan alwala a kai mata har bakin gado. Abinci a kai mata. Ta ɗauki tsintsiya, Rabi ta rugo ta karɓe: «Haba Inna, ina raye?» Ta nufi taɓarya, a riga ta. Gari ya ɗauka, ana cewa ga ɗa na gari. Har a ƙofar masallaci wani dattijo ya nuna ni ga 'ya'yansa ya ce su yi koyi. Ni kuwa ina sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, cikina fari ƙal.

Sau ɗaya ta yi mana tawaye. Rabi ta shiga maƙwabta, Inna ta saci jiki ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Na hango ta daga hanya tana dawowa, tulu a ka, tana tafe tana taunar goro, fuskarta a sake yadda ban gan ta ba tun zuwanta. Muna tare da babban malaminmu a lokacin. Na shiga gida na yi wa Rabi faɗan da ban taɓa yi mata ba, Inna tana ɗaki tana ji. Daga ranar ba ta ƙara taɓa tulu ba. Na gane daga baya cewa ba tsorona ta ji ba, Rabi ta tausaya wa.

Saƙonta na ƙarshe a kan maganar ya zo a damina ta biyu. Ina zaune a tsakar gida ina gyaran sarƙar keke, ita tana bakin ɗakinta, ta juya wajen bango ta ce, «Rabi, ki gaya wa mai makaranta ƙafafun nan sun fara manta ni. A sauko mini da 'yar fartanyata, ko kuɓewa in sa a bayan gida.» Rabi ta maimaita. Na yi dariya na ce a ce mata wahalar da ta sha ta isa, kuɓewa kuwa tana nan cike da kasuwa. Washegari na sayo mata man zafi da tsire, na sa wata Bafulatana ta riƙa kawo nono kullum. Abinci kam ta ci mai kyau. Kumatunta suka ciko, mutane suna cewa hutu ya karɓe ta. Abin da ke ƙarƙashin zani kuwa ba wanda ya gani, ɗa ba ya duban ƙafar uwarsa.

Amma alamu sun zo, ɗaya bayan ɗaya, a gaban idona. Da farko ta fara dafa ƙasa da hannu ɗaya idan za ta tashi. Bayan 'yan watanni hannu biyu. Daga nan sai ta rarrafa ta kama bango. Sai kuma aka wayi gari tana salla a zaune. Kowane mataki na ce tsufa ne. A tsakanin nan ƙanwarta Iya Ladi, wadda ke aure a Dangora, ta zo ganinta. Shekara biyu kawai ke tsakaninsu, kuma a ƙafa ta zo, da ƙunshin gyaɗa a ka. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ta tsaya a kaina ta ce, «Kai Audu, me ka yi wa yayata?» Na ɗauka zolaya ce irin tata, na ce gata na yi mata. Ta dube ni ta girgiza kai, ba ta yi dariya ba.

A damina ta uku, wata safiya bayan an ɗauke ruwa, ina fitar da keke, na ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara, sai ihun Rabi. Inna ce ta zo fitowa daga ɗaki, ƙafarta ta kasa tsallake dokin ƙofa. Dokin ƙofar nan bai kai taƙi ɗaya ba. Matar da ta yi shekara ashirin tana hawan duwatsun Riruwai da kaya a ka, abin da ya kayar da ita ke nan. Muka ɗaga ta, ƙafar dama ta juye waje, ta fi ɗayar gajarta. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi.

Na so kai ta asibiti a birni, amma rafuka sun cika, mota ba ta shigowa. Aka ce akwai wani tsohon maɗori a Ƙofa, ta wajen Bebeji, Baba Ɗanlami, wanda hannunsa ke da albarka. Na aika, ya iso rana ta uku a kan jaki. Ya yi bisimilla ya lalluba kwatangwalon, ya gangaro da hannu har idon sawu. Sannan ya ɗago ya tambaye ni shekara nawa ta yi tana jinya.

Na ce, «Baba, ba jinya take ba. Hutawa take yi.»

«Wa ya hutar da ita?»

Na ce ni ne. Har a lokacin da ɗan alfahari na faɗa.

Ya ce, «Matso, Malam. Kawo hannunka.» Ya kama yatsuna ya ɗora a kan sha-raɓarta ta bisa zani. In ban da ɗagawar da muka yi mata ranar da ta faɗi, rabona da taɓa jikin Inna tun ina goye. Ba abin da na ji sai fata ta saki, yatsuna suka tarar da ƙashi nan take. Ya ce, «Dubi tafin ƙafarta, wannan ƙafar mai ɗaukar kaya ce. Ina naman ya tafi? Na ɗora tsofaffin da suka girme ta, sun tashi sun koma gona, don na sami abin da zai riƙe mini ɗorin. Ƙashi ba ya tsayuwa shi kaɗai, tsoka ke ɗaure da shi, ita kuma in ba a mora ta ba sai ta zube. Ƙashin ma in ya daina ɗaukar nauyi yakan zama kamar itacen da gara ta shiga, waje lafiya, ciki ba komai. Zan yi abin da na iya, sauran na Allah ne.» Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ɗaure. Da zai hau jakinsa bai ce mini za ta tashi ba, ni ma ban tambaya ba.

Wata huɗu ta yi a kwance. A nan na koyi abin da ban koya a makaranta ba, cewa mutum idan ƙafa ta daina ɗaukarsa, sauran jikin ma bin ta yake yi. Cikinta ya ɗaure. Abinci ya fita ranta. Bayanta ya yi gyambo duk da juyin da Rabi ke yi mata safe da yamma. Daga ƙarshe tari ya sauka a ƙirjinta, ba ta da ƙarfin da za ta fitar da shi. Ƙashi ɗaya ne ya karye, amma babu inda bai taɓa ba.

Kwana uku kafin ta cika, da hantsi, na shiga gaishe ta. Maimakon ta juya wajen bango sai ta dube ni ido cikin ido, ta ce, «Audu.» Nan take na gane, domin na san uwa irin tawa ba za ta kira sunan nan ba sai ta ga hanyar lahira. Ta ce, «Alheri ka nufa, na sani, na yafe. Fartanyar nan tawa, ka kai wa Ladi. Ita tana da inda za ta kai ta.» Iyakar maganar da ta taɓa yi mini kai tsaye ke nan a duniya. Aka yanke dawa, muka binne ta.

Ban kai fartanyar ba. Shekara bakwai tana soke a rufin zaure, ina wucewa ta ƙarƙashinta safe da yamma. Na ce sai an yi arba'in, na ce sai hutu, na ce hanya ba kyau. Gaskiyar ita ce, sauko da ita yana nufin in tsaya gaban Iya Ladi in amsa tambayar da ta yi mini, ni kuwa ban shirya ba.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau. Yanzu da rani mota na kaiwa har Riruwai, masu daddawa sukan hau bayanta. Wannan ba za ta ƙi shi ba, ba ta taɓa cewa wahala ibada ce ba, kuma na san wuyanta ya sha ciwo a hawan nan. Ana ta maganar mulkin kai, kowa burinsa ɗansa ya sami kujera a ofis. Ni da na sami tawa, ga ni ban cika arba'in da biyar ba, tumbi ya fito, in na tura keke a ɗan tudu sai na tsaya na huta. Wannan kam za ta yi dariya, ta ce wa Rabi a tambayi mai makaranta ko shi ma hutar da shi aka yi. Abin da ba za ta yi wa dariya ba shi ne sabuwar gasar da kuɗin gyaɗa ya kawo a ƙasar nan. Daga Kiru har Doguwa, duk wanda ya ɗan samu, abin da zai fara yi shi ne ya kafa wa tsohuwarsa ɗakin kwano ya ajiye ta ciki, ya hana ta ko tsinke ɗauka, don a san ya isa. Ina ganin ɗakunan nan suna ƙyalli a rana idan na wuce, kuma na san abin da ke faruwa a cikinsu a hankali, ba ciwo, ba ƙara.

Makon jiya aka yi suna a gidan Sale, ɗan Iya Ladi, wanda yanzu yake sayen gyaɗa a Dangora, Allah ya buɗa masa. Ya tarye ni da murna, ya ja hannuna ya nuna mini sabon ɗaki mai kwano da ƙofar katako. Ya ce, «Yaya, na bi sawunka. Tun bara na raba Iya da gona. Kai ka nuna mana hanya.» Na shiga na gaishe ta. Tana kan katifa, ta yi kumatu, ta yi haske. Muka taɓa hira, aka kira la'asar, ta yunƙura za ta tashi. Sai na ga ta sa hannu ɗaya ta dafa ƙasa.

Hannu ɗaya. Na san na biyun yana tafe, na san bango, na san dokin ƙofa.

Na ja Sale zaure na ce ya bar ta ta koma 'yan aikace-aikacenta, ba dakon kaya ba, ko ɗan roron gyaɗa ne yanzu da ake cira, ko zuwa rijiya, ko shara. Ransa ya ɓaci. Ya ce, «So kake a ce ina sayen gyaɗa buhu-buhu, uwata tana tonon ragowa a gonakin mutane? Kai da ka hutar da taka an yabe ka, ni ne za a zaga?» Kamar da bakina yake magana. Na zaunar da shi na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan, har da dariyar inuwar makaranta, har da yatsuna a kan ƙashi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, «Allah ya ji ƙan Inna Kande, Yaya, amma kwananta ne ya ƙare.» Ya tashi ya koma wajen baƙinsa.

Da na dawo gida na sa tsani na sauko da fartanyar. Gara ta cinye ƙotar, tana taɓuwa ta marmashe a hannuna, ƙarfen ya yi tsatsa. Na kai wa maƙeri ya goge, ya sa sabuwar ƙota daidai tsawon ta da.

Idan na auna abin da ya rage na Inna, ba shi da yawa. Gammonta yana cikin akwatin Rabi. A Riruwai akwai tsofaffin leburori da har yanzu suke cewa ba su ƙara cin daddawa irin tata ba. Akwai yafiyar da ta yi mini, wadda nake ɗauke da ita kamar kaya. Akwai kuma idon da ta bar mini: yanzu idan na gaida tsoho ba fuskarsa nake duba ba, jira nake ya tashi in ga hannu nawa zai sa. Ga mai karatu da Allah ya hore masa, ban ce ka bar uwarka cikin wahala ba. Sauke mata kayan da ya fi ƙarfinta, amma ka bar mata tsintsiyarta da tulunta da hanyar da ta saba bi. In kuwa kai ɗan fari ne, kada ka ɗauki shirunta a matsayin yarda.

Shekaranjiya na koma Dangora da fartanyar a ɗaure bayan keke. Na durƙusa gaban Iya Ladi na ce ga saƙon yayarta, na makara da shi shekara bakwai, kuma ga amsar tambayar da ta yi mini a Tudun Wada: zaunar da ita na yi. Sale yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma hana ba. Iya ta karɓa da hannu biyu, ta shafa bakin ƙarfen, ta gane shi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce gonar maƙwabta an gama cira, gobe da sassafe za ta leƙa. Sannan ta ɗaga ta da hannu ɗaya kamar mai shirin sara, ta kasa riƙe ta a sama, ta sauke ta a cinya.

Ta ce, «Audu, maƙerin nan ƙara mata ƙarfe ya yi? Da ba ta kai haka nauyi ba.»

Na ce mata ƙila sabuwar ƙotar ce. Amma ina tsaye a maƙera aka yi aikin. Ƙotar ba ta fi ta da ba, ƙarfen kuwa ragewa ma ya yi wajen guga.